Lasifikar Dubai a falon Damagaram

A watan Afrilun da ya wuce, a daidai lokacin da zafin bazara ya kai matuƙa a nan Damagaram har mutum yana shakkar taɓa ƙofar ƙarfe da hannu, kawuna ya kira ni a waya da hantsi, ya ce in zo gida yanzu-yanzu domin an cuce shi. Kawu ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana safara tsakanin nan da Kano da Dubai, kuma a iya sanina ba a cika jin kalmar cuta a bakinsa a kan ciniki ba, saboda haka ban tsaya doguwar tambaya ba, na tare kabu-kabu na nufi gidansa. Da na shiga falo sai na tarar da lasifika biyu dogaye, kowace ta kai mini ƙirji, an yi musu akwati da katako mai sheƙi wanda mutum zai iya ganin fuskarsa a jiki, an jingina su da bango, ɗaya a dama da talabijin ɗaya a hagu. Bai faɗa mini kuɗinsu ba, ni ma ban tambaya ba, amma ya ce da ya ɗan ƙara wani abu a kai da fili ya saya a bayan gari.

"Ɗana," in ji shi, "a can inda na saurare su har numfashin mawaƙi na ji, kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Yanzu ka ji abin da suke yi mini. Ko dai musanya aka yi mini a wajen ɗaurin kaya?"

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, bari in ji da kunnena tukuna."

Abin da ya sa ya neme ni shi ne na shafe shekaru ina haɗa kayan sauti a wuraren biki da wa'azi da taron unguwa, ko da yake kayan da na saba da su ba su kama ƙafar waɗannan ba. Ya sa kiɗan fada irin namu, mai tambari da kakaki da algaita, kuma gaskiyarsa ce, abin da ya fito bai yi daɗi ba. Tambarin ya kumbura ya cika ɗakin kamar ana daka a cikin rijiya, algaitar tana soke kunne, muryar maroƙi kuwa ta narke a cikin hayaniya har ba a tantance kirarin da yake yi. Na duba wayoyi, na duba amfilifaya, na kara kunne a kowane bakin lasifika ɗaya bayan ɗaya, ban sami abin da ya lalace ba. Sai na kashe kiɗan, na tsaya a tsakiyar falon na tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, muka ji tafin yana kai da komo tsakanin bango da bango da wata siririyar ƙara kamar an ƙwanƙwasa kwano. A nan na gane inda gizo yake saƙa.

Hausa ta daɗe da lura da wannan al'amari, domin da kalma guda, amsa-kuwwa, muke kiran lasifika, kuma da ita muke kiran muryar da dutse ko bango yake maido wa mai kira. Wanda ya zauna a falo mita uku ko huɗu daga lasifika, mafi yawan abin da yake ji bai taho masa kai tsaye ba, sai da ya bugi ƙasa da rufi da bango da taga kafin ya iso kunnensa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya rage wani abu ya ƙara wani abu. Falon Kawu kuwa irin wanda kowa yake burin ginawa ne a yanzu: bulo da siminti, fenti mai santsi, tayil a ƙasa, wanda muke kira karo a nan, manyan tagogin gilashi biyu ba labulen kirki, da teburin gilashi a tsakiya. Falo ne mai sanyi da sauƙin shara a lokacin ƙurar hunturu, amma babu ko abu ɗaya a cikinsa da zai shanye sauti.

Mutumin da ya fara auna wannan matsala da lissafi shi ne Wallace Sabine, malamin kimiyya a jami'ar Harvard ta Amurka, wanda a 1895 aka ɗora wa aikin gyara wani zauren lacca da magana take ruɗewa a cikinsa. Shi da mataimakansa sun yi ta jigilar matasan kujeru daga wani zaure na kusa cikin dare, suna busa bututu suna ƙirga lokacin da sautin yake ɗauka kafin ya mutu, har ya gano cewa tsawon lokacin ya dogara ne a kan girman ɗaki da kuma yawan kayan da ke shanye sauti a ciki. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Tafin da na yi a falon Kawu gwajin Sabine ne na talaka, ba agogo ba bututu.

Sai dai kumburin tambari wata matsala ce daban, kuma ita ce ta fi wuyar magani. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska yana digiri 20, a irin zafinmu na digiri 40 kuma yakan kai kusan mita 355. Idan nisan bango biyu masu fuskantar juna mita 5 ne, to, sauti mai kauri da ke kaɗawa kimanin sau 35 a daƙiƙa yana zuwa ya dawo daidai wa daida a tsakaninsu, sai ya riƙa haɗuwa da kansa yana ƙaruwa, haka ma ninkinsa na 70 da na 105. A jikin bango sai ya taru ya yi yawa, a tsakiyar ɗaki kuma mafi kaurinsa ya kusan ɓacewa. Da na auna falon da taku sai na ga tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya ne, mita biyar-biyar, wato matsalar da tsawon ya haifar ita ce faɗin ya sake haifarwa a kan sauti guda. Na roƙi Kawu ya tashi ya taka a hankali daga bangon baya zuwa tsakiya kiɗan yana tafiya. Ya tattara babbar rigarsa ya taka, da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ina gangar ta tafi?" Ya koma da baya zuwa kujerarsa, wadda take manne da bango, tambarin ya dawo yana dukan ƙirji. Lasifikar ba ta motsa ba, hannu bai taɓa na'ura ba, taku uku kawai ya yi.

Su kansu lasifikokin an matse su da bango, alhali kowace tana da rami a bayanta wanda sauti mai kauri yake fita ta ciki, ga shi kuma kusantar bango ko kusurwa yana ƙara kaurin sauti ko da babu ramin. Kowace lasifika akwai wurin da maƙerinta ya yi ta dominsa. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a Amurka a 1946, an yi ta ne musamman don a cusa ta a kusurwa, bangon ɗaki ya zama cikon jikinta. Ƙaramar LS3/5a kuwa, wadda injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970, an yi ta ne don ƙuntataccen wuri kamar motar ɗaukar shiri, inda mai saurare yake dab da ita. Wanda ya ajiye ta farko a tsakiyar ɗaki, ko ya sa ta biyu ta cika zauren biki, zai rantse cewa sunansu ya fi aikinsu, kuma abin da ya ji ɗin ya ji shi da gaske.

Daga nan na shiga yi wa Kawu tambayoyi a kan shagon da ya saya. Ya ce ɗaki ne daban a can ciki, da darduma mai laushi har ƙafa tana nutsewa, da wasu allunan yadi a bango, da ƙofa mai nauyi wadda da an rufe ta ba a jin komai na waje. Kujera ɗaya ce tak a ciki, an ajiye ta a daidai inda ya kamata, lasifikokin kuma suna nesa da bango. An rage haske, an kawo masa gahawa, mai shagon ne ya zaɓi kiɗan, kuma na'urar ƙara murya tana hannunsa. Ban ga laifin mai shago ba, kowane ɗan kasuwa yana baje hajarsa a inda za ta fi kyau, kuma Kawu da kansa ba ya nuna wa mai saye shadda a cikin duhu. Amma batun ƙara murya yana da muhimmanci. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken kamfanin Bell suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane irin sauti da ƙarfi ɗaya: idan an rage murya, sauti mai kauri ne yake fara ɓace masa, idan an ƙara kuma sai ya ji kiɗan ya cika ya yi jiki. Saboda haka idan an gwada lasifika biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, mai saurare yakan zaɓi mai ƙarar, kuma ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi zaƙi.

Shirun ɗakin ma wani abu ne. Numfashin mawaƙin da Kawu yake kewa ƙaramin sauti ne ƙwarai, kuma a lokacin da muke maganar fanka biyu ne suke juyawa a kanmu, janareta yana ruri a tsakar gida, babura suna wucewa a bakin titi. Ƙaramin sauti ba ya tsira a cikin irin wannan, ko da lasifikar ta fitar da shi cif-cif.

Akwai kuma ido. Mukan ce gani ya kori ji, muna nufin abin da ido ya shaida ya fi labari, amma a wajen sauraren lasifika karin maganar takan tabbata a zahirinta. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti, suka tara ma'aikatan kamfanin su 40 suka sa su ba lasifika huɗu maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya kuma a bayan labulen da sauti yake ratsawa. Da ana gani, manyan masu tsada da kyakkyawan katako suka yi wa sauran nisa, da aka sa labule kuwa sai tazarar ta ragu, har ƙaramar mai araha ta ɗago. Abin da ya fi ba ni mamaki a gwajin shi ne batun wuri. An canza wa lasifikokin mazauni a cikin ɗakin, kuma a bayan labule masu sauraren sun ji canjin sosai har makinsu ya sauya, amma da suna kallo makin bai wani motsa ba, kamar dai ido ya riga ya yanke hukunci kunne ya bi. Tun kafin wannan da daɗewa, daga 1915, kamfanin Edison ya yi ta zagaya garuruwan Amurka yana tsayar da mawaƙi kusa da garmaho, su rera tare, a kashe fitila, mawaƙin ya sulale, jama'a kuma su tafi suna cewa ba su ji bambanci ba. Garmaho fa, wanda yau ko yaro ba zai ruɗa ba. Ni ma ba na ware kaina. Na taɓa tsayawa a wani biki ina murza maɓalli a hankali ina gyaɗa kai, ina jin murya tana gyaruwa, sai daga baya yaron da ke taya ni ya nuna mini cewa wayar layin nan tana ƙasa ba a ma soka ta ba.

Wani abin da na yi ƙoƙarin fahimtar da Kawu, kuma bai karɓa da sauƙi ba, shi ne cewa abin da yake kwatantawa da falonsa tuni ya zama labari. Kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na ƴan daƙiƙoƙi, abin da ya saura bayan nan shi ne yadda mutum ya ji a ransa. Shi ya sa a ɗakin gwajin Harman da ke Northridge a Kalifoniya aka ƙera wata na'ura mai ture lasifika ɗaya ta kawo wata daidai gurbinta cikin ƴan daƙiƙoƙi a bayan labule, don wuri ya zama ɗaya kuma kada mantuwa ta shiga tsakani. Kawu kuwa wata uku ne tsakanin gahawar Dubai da zafin Damagaram. Kunnen kansa ma ba kullum yake ɗaya ba. Yaro mai lafiyar kunne yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 har zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa, amma shekaru suna cinye siraran daga sama, murar hunturu tana toshe kunne, kuma ni shaida ne cewa duk daren da na kwana kusa da lasifikar biki, washegari komai dishi-dishi nake jin sa.

Da na ga magana ba za ta gamsar da shi ba, sai na ce a ba ni aron motar kaya. Muka ɗauki lasifikokin da yamma muka kai su tsohon gidanmu na Birni, ba nisa da fadar Sarki, muka shigar da su ɗakin marigayiya kakarmu, ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, shimfiɗe da tabarmi da darduma, ga gado da katifa da tulin kayan sawa a gefe. Bangon ɗakin hannu ne ya shafe shi, babu inda ya miƙe sak, kuma kaurinsa yana tare hayaniyar waje. Muka jira har bayan sallar isha'i, gari ya yi tsit, muka kashe fanka muka haƙura da gumi, na janyo lasifikokin kimanin taku ɗaya daga bango, na ajiye wa Kawu kujera yadda nisansa da kowace ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu. Farkon abin da ya faru ya ba mu dariya, domin da tambari ya buga sai jeren kwanonin kaka da ke jikin bango suka ɗauki rawa, dole muka sauke su ɗaya bayan ɗaya muka tara a tsakar gida. Da muka sake sawa, kakaki ya fito daga hagu da faɗinsa, algaita ta tsaya a wurinta ba ta soki kowa ba, tambari ya buga ya tsaya ba ja, maroƙi kuma yana tsakiya, kowace kalma tana fita. Kawu bai ce komai ba har kiɗan ya ƙare, sa'an nan ya ce, "To, waɗannan su ne na saya."

A daren ne kuma wani abu ya fito fili wanda falon ya ɓoye mana. Yawancin kiɗan da ke cikin wayar Kawu daga wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa ya samo shi, wasu kuma ta WhatsApp, an matse su an sake matsewa, da yawa ma asalinsu tsofaffin kaset ne. Faifan CD yana ɗauke da kilobit (ma'aunin yawan bayanan sauti) 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 na gama-gari kuwa 128 ne, kuma abin da aka zubar a wajen matsewa babu lasifikar da za ta maido shi. A ƙaramar rediyo ba a lura, amma waɗannan sun tona asirin kowane ɗauka, mai kyau ya yi kyau ƙwarai, mara kyau kuma shuwar kaset da tsagewar murya suka fito ƙuru-ƙuru. Na tabbata da irin wannan kiɗan aka fara sa masa a shagon, da kuɗinsa suna aljihunsa har yau.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk lasifika ɗaya ce, ko kuwa tsada yaudara ce zalla. Binciken da Toole ya yi a shekarun 1980 a cibiyar binciken ƙasa ta Kanada da ke Ottawa ya nuna cewa idan an rufe ido, an daidaita ƙarar murya da mazauni, masu lafiyar kunne sukan haɗu a kan zaɓi ɗaya: lasifikar da ba ta fifita wani sauti a kan wani, kuma abin da take watsawa gefe ya yi kama da abin da take turawa gaba. Wannan na biyun yana da muhimmanci domin abin da ta watsa gefe shi ne bango yake maido mana. Nagarta tana nan kuma ana iya auna ta, sai dai farashi ba kullum yake bin ta ba. Abin da na daina yi shi ne karɓar hukuncin wani a intanet ko a fada wajen shayi ba tare da na tambaye shi a wane ɗaki ya ji, a ina ya zauna, da wane kiɗa, kuma ya san kuɗin kafin ya ji ko bayan ya ji. Kuma ban ga aibu ba idan mutum ya sayi abu don kyansa, tunda a falo zai zauna da shi ba a bayan labule ba, in dai ya san wane kaso na kuɗin ya biya wa ido.

Ba zai yiwu Kawu ya koma ɗakin kaka da zama ba, saboda haka muka maido kayan falo muka yi abin da za a iya. Muka sayo babbar darduma mai kauri a kasuwar Dole muka shimfiɗa tsakanin lasifikokin da kujera, aka ɗinka labule mai nauyi har ƙasa, aka fitar da teburin gilashi, aka kawo kantar littattafansa aka jingina a bangon baya. Lasifikokin suka baro bango, kujerarsa ma ta matso gaba amma ba ta kai tsakiya ba. Ƙarar nan mai kama da ta kwano ta tafi gaba ɗaya, murya ta fito. Kumburin tambari dai ya ragu ne kawai, domin sautin da ke kaɗawa sau 35 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kai mita 10, kuma darduma ba ta iya masa komai, dabarar da ta ɗan taimaka ita ce barin ƙofar da ke shiga cikin gida a buɗe. Matar Kawu ba ta ji daɗin yadda aka hargitsa mata tsarin kujeru ba, kuma ta gaya mini hakan ba ɓoye-ɓoye.

Makon jiya na je gaishe shi da azahar na tarar da wani abokin kasuwancinsa a falon, fanka biyu suna aiki, janareta yana ruri, baƙon ya kishingiɗa a kusurwa ya jingina kai da bango yana saurare. Da kiɗan ya ƙare sai ya taɓe baki ya ce shi dai bai ji abin da suka fi nasa na gida da shi ba. Kawu bai yi masa gardama ba, ya ce, "Alhaji, ka dawo bayan isha'i, zan ba ka kujerata."